Cocin da Abdulrasheed Ya Je Tayawa

Shekara tara Abdulrasheed yana zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, kuma a cikinsu ya gamsu cewa babu abin da ido zai gani a duniya wanda ba shi da kamfani a China. Sana'arsa kayan adon gini: ginshiƙan roba masu kama da dutse, da fale-falen da ake mannawa a bango su yaudari mai wucewa. A katinsa an rubuta Injiniya. Gaskiyar magana, iyakar injiniyancinsa shekara biyu ce ta kwaɓa siminti a bayan mahaifinsa, Malam Dogara birkila, kafin ya ajiye cokalin gini ya ce wannan wahala ba tasa ba ce.

Abu ɗaya ke cin ransa. Tsohon bai taɓa yaba kayansa ba, ko sau ɗaya. In ya kai masa samfur, sai ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurari ƙarar, ya miƙo masa abinsa. Yanzu da za a sabunta ƙofar gidansu na gado a Yakasai, Abdulrasheed ya ci alwashin kawo abin da zai sa Baba ya ce madalla.

Wata Laraba da azahar, ya fito daga kasuwar kayan wasan yara ta titin Yide inda ya raka wani aboki, sai ya yi kiciɓis da wani tsohon coci mai hasumiya biyu. Ya san coci ne, ba yaro ba ne shi. Amma ƙofarsa ce ta tsayar da shi: bakan gizo a kan bakan gizo, ginshiƙai sirara a jere, da furannin dutse kamar yau suka buɗe. Ya yi abin da kowane ɗan kasuwar Xiaobei, unguwar fataken Afirka a garin, ke yi in ya ga kaya. Ya ɗauki hoto, ya yanke saman don kada gicciye ya fito, ya shiga neman mai shago.

Wata dattijuwa ya samu tana share harabar. Ya nuna ƙofar da haɓa, irin na wanda kayan ba su burge shi ba, don kada a tsawwala masa.

"Lawban, kamfani ina? Kati?" in ji shi, da sunan da ake kiran mai shago a can.

Matar ta dube shi, ta dubi ƙofar. "Meyo," in ji ta. Babu.

Abdulrasheed ya yi murmushi. Ya san wannan salon, kowa da babu yake fara ciniki. Ya buɗe manhajar fassara a waya ya tambayi kwana nawa za a haɗa masa irinta, kuma guda nawa kwantena take ɗauka. Da matar ta karanta, dariya ta sa sai da ta jingina da tsintsiyarta. Sannan ta karɓi wayar ta yi magana mai tsawo. Wayar ta ce Faransawa ne suka sa aka gina shi, sama da shekara ɗari da talatin ke nan. Duwatsun ta ruwa aka kawo su, maginan ƙasar suka sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Aikin ya ci shekara ashirin da biyar.

Ya matsa ya ƙwanƙwasa ginshiƙin. Bai ji ƙarar komai ba, yatsansa ne kawai ya yi zafi. Kunya ta rufe shi, shi da ya zo da niyyar neman ragi.

Kafin ya bar wurin wayarsa ta yi ƙara, don tuni ya tura hoton gida da alfahari. Yayarsa Hasiya ce a kiran bidiyo, ta juya fuskar wayar ga Baba, wanda ke zaune a kan buzunsa bayan sallar asuba, don a Kano gari bai daɗe da wayewa ba.

"Kai, wannan ba kayanku ba ne," in ji tsohon. "Ina ka samo shi?"

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, wato... coci ne."

"Na ga alama. Ba shi na tambaye ka ba. Matso min da wayar wajen haɗin duwatsun."

Ya matsa. Tsohon ya kanne ido ɗaya, yadda yake yi in yana duba miƙewar bango. Ya sa aka bi layin sama, aka dawo ƙasa, aka tsaya a kusurwa.

"Madalla," in ji Malam Dogara a hankali. "Madalla da wannan hannu."

Kalmar da Abdulrasheed ya yi shekara tara yana cika kwantena dominta ke nan, ga shi an ba wasu mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakansa. Ya ji haushi, ya ji kishi, kuma ya san an yi adalci.

"Baba, babu kamfaninsa. Ba zan iya kawo irinsa ba."

"Wa ya ce ka kawo? Ƙofa ɗaya ce, ni da kai mun isa, in dai bayana ya bar ni. Cokalinka yana nan a soro inda ka jefar da shi. Duk shekara ina goge masa tsatsa."

Dattijuwar ta ci gaba da shararta. Injiniya ya tsaya da waya a hannu, yana kallon tafinsa mai laushi, ya ce, "To, Baba."