Yadda Na Sama wa Meinrad Ritaya

Ni ba na iya zama wuri ɗaya. Abin da ya fitar da ni daga makaranta ke nan, shi ne kuma ya kai ni sashen ayyuka na hukumar garinmu. Da hunturu Meinrad Bissig ke tuƙa motar share ƙanƙara, ni ina gefensa, ina dira ina watsa gishiri a titi don ƙanƙarar ta narke.

Meinrad ya kusa sittin da uku, amma gwiwoyinsa sun riga shi ajiye aiki. A tsarin fanshonmu, ma'aikaci na iya tafiya a wannan shekarun, hukuma ta riƙe shi har ya kai sittin da biyar. Sai sabon ma'aji, Herr Käslin (a wajenmu Herr kamar Malam ne, Frau kuma Malama), ya ce a soke wannan. In taron gari ya yarda, Meinrad zai ƙara hunturu biyu a kan motar, ga likita ya ce gwiwar ba za ta kai ba.

Aka taru a zauren wasanni na makaranta, cuku da ruwan inabi na jira a bayan zaure. Da aka zo kan fansho, shugabar gari, Frau Imhasly, ta ce duk wanda maganar ta shafi aljihunsa ya fita, shi da iyalinsa. Ma'aikata suka miƙe. Ni ma na miƙe da murna, don kujerar ta ishe ni.

Meinrad ya danna kafaɗata. "Ina za ka, ɗan tsako? Kai ba a fara cire maka kuɗin fansho ba tukuna, sai ka kai ashirin da biyar. Zauna, kai ne bakinmu."

"In ce me?"

"Ka ce shekara arba'in. Ka ce sadaukarwa. Ka ce gwiwa. Kada ka ƙara komai daga kanka, Silvan, don kan nan ba abin arziki a ciki."

Suka fita cikin sanyi, suka jera hanci a jikin taga.

Herr Käslin ya haska zane-zane a bango, layi ja na kuɗin hukuma yana ta gangara. Mutane na gyaɗa kai. Kobi mai shanu ya miƙe ya ce shi ba wanda ya taɓa riƙe shi, shanunsa kuma ba su san ritaya ba. Aka tafa masa. Ƙafata na ta rawa a ƙarƙashin kujera, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

"Shekara arba'in," na ce. "Sadaukarwa. Gwiwa."

Shi ke nan, maganar ta ƙare. Wani ya yi tari.

Herr Käslin ya yi murmushi. "Mun gode, saurayi. Amma Herr Bissig garau yake. Kullum ina ganinsa yana aikinsa lafiya."

"Kai daga taga kake gani," na ce, "ni a cikin motar nake. Kafin ya ɗaga ƙafa ya kai ta kan birki, sai ya taimaka mata da hannu. In muna gangara tudun coci, ba ya cewa komai sai 'riƙe da kyau.' Kobi, shingenka na bara ba iska ba ce ta kayar da shi."

Kobi ya miƙe a hankali. "Ya ce min iska ce. Har ya taya ni zagin iskar!"

"Akwatin wasiƙata fa?" in ji mai gidan burodi.

"Wannan yana baya da mota ne ya buge shi. Wuyansa ma ba ya juyawa sosai."

Zaure ya rikice. Wata tsohuwa ta tambayi kekenta, limamin coci ya tambayi fitilar ƙofarsa, ni kuwa tunda bakin ya buɗe na kasa rufe shi. Frau Imhasly ta yi ta kaɗa ƙararrawa har aka yi shiru, sannan ta sunkuyo ta ce, "Silvan, madubin motata?"

"Na hagu ko na dama?"

A taga, Meinrad ya ga ina magana mutane na zumuɗi, sai ya ɗaga min babban yatsa.

"Yanzu wannan mutumin kuke so ya ƙara hunturu biyu?" in ji Kobi. "Kuma akwai irinsa nawa a bayansa? A sallame shi tun kafin ƙanƙara ta sauka, in ana so ni zan kai shi gida!"

Aka ce masu son a bar tsarin yadda yake su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Herr Käslin, wanda ke ajiye sabuwar motarsa a gindin tudun coci, ya yi kamar yana sosa kunne, hannun kuma bai sauko ba sai da aka gama ƙirga.

Da aka buɗe ƙofa, Meinrad ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. "Ashe akwai abu a kan nan! Sadaukarwar ce ta kama su ko?"

"Gwiwar ce," na ce.

Sai ga Kobi da kofi a hannu, mai burodi da liman na biye da shi. "Meinrad, zo mu yi maganar iska."

Kafin su gama, fuskar Meinrad ta yi jawur. "Ni ne ban iya tuƙi ba? To ba inda za ni! Sai na yi shekara biyun, kowa ya ga tuƙi!"

Matarsa Rösli ta zura hannu a aljihun rigarsa, ta zaro makullin motar, ta jefo min. "An riga an ɗaga hannu, tsoho. Ci cukunka."

Bai ce ya gode ba har yau. Duk safiyar da na wuce ta ƙofar gidansa da motar, yana tsaye a taga da kofin shayi, yana min nuni in matsa hagu, bakinsa na motsi. Na san me yake cewa: kan nan ba abin arziki a ciki.