Rabin Gwangwani

"Umma, me ya sa yanzu ba kya cika gwangwanin?"

Yarinyar tana tsugune kusa da galan ɗin fetur ta yi tambayar, ubanta kuma yana nan kusa, yana kwarfe ruwa daga cikin jirgi da tsohon kwano. Uwar ta kore ta ta je ta sa takalmi, ta ce yara ba sa tsoma baki a aikin manya. Mijin ko ɗagowa bai yi ba.

Haɗa man inji aikin uwar ne tun zuwanta gidan. Injin jirginsu tsohon yayi ne, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa: gwangwanin madara cike a kowane galan, a rufe a jijjiga. Sau ɗaya mijin ya nuna mata, ya ce ko ɗigo kar ta rage. Yakan tsokane ta cewa hannunta ya fi nasa awo, tunda ta saba da gishirin miya.

Sai dai injin akwai hayaƙi, shuɗi mai maƙaƙi, kamar ana ƙona taya. Yarinyar kuma asma gare ta. Kullum da safe da ita ake haye kogi zuwa makaranta, tana manne da ubanta a bayan jirgi, wai ita ce direba ta biyu, kullum kuma da tari take dawowa. Uwar ta yi magana har ta gaji. Shi dai amsarsa ɗaya ce, hayaƙin nan shi ne lafiyar inji. Wata safiya ta ɗan rage man, ta ga hayaƙi ya ragu. Washegari ta ƙara ragewa. Cikin sati uku ta koma rabi, tarin ya yi sauƙi, har mijin yana shafa injin yana cewa tsoho ya tuba.

A ranar da yarinyar ta yi tambayar, da rana tsaka, ciwon ya tashi. Aka shaƙa mata magani sau biyu, ƙirjin bai buɗe ba. Leɓɓanta suka fara yin duhu. Asibiti kuwa yana ƙetaren kogi. Uwar ta sungume ta zuwa jirgi ko mayafi babu, mijin ya ja igiyar tayar da inji, ya murɗe shi har ƙarshe, abin da bai taɓa yi masa ba.

Sun kai tsakiyar ruwa injin ya sauya murya. Ya yi wata ƙara ta ƙarfe na cin ƙarfe, ya yi shiru. Mijin ya fizgi igiya, igiya ta ƙi motsi. Ya taɓa kan injin, ya janye hannu da sauri. Sai ya buɗe tanki, ya tsoma yatsa, ya murza fetur ɗin. Babu santsi. Ya juyo ya dube ta.

"Yaya kika zuba?"

"Rabi," ta ce. "Wallahi saboda ƙirjinta na yi."

Bai zage ta ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya zaro filafili biyu daga ƙarƙashin benci ya jefa mata ɗaya.

"Tuƙa. Magana sai mun sauka."

Ba ta iya tuƙi ba. Ta goya yarinyar ta ɗaure da zani don kada ta kwanta numfashin ya ƙara sarƙewa, ta durƙusa a gaban jirgi tana saran ruwa yadda ta ga dama. Ruwa na jan su ƙasa. Tana gani suka wuce matakalar asibitin, farin ginin yana ja da baya. Ta ƙwala wa wasu masunta kira, iska ta tafi da muryar. A bayanta tana jin ƙirjin yarinyar yana fito siriri. Duk sanda fiton ya ɗauke sai hannunta ya mutu, sai ya dawo sannan ta ci gaba. Tafin hannunta ya sale, ba ta sani ba. Bakinta ba abin da yake faɗa sai, "Ja numfashi, 'yata, ja, saura kaɗan."

Can ƙasa da gari jirgin ya caki laka. Mijin ya kwance yarinyar daga bayanta ya saɓa a kafaɗa, ya kama gudu ta cikin gonaki. Ita ta biyo baya tana faɗuwa tana tashi. Da ta isa asibitin an riga an sa wa yarinyar robar iska a hanci, idonta biyu. Wata nas ta dubi laka har gwiwarsu, ta ce da sun ƙara jimawa kaɗan da wani zancen ake yi.

Injin bai sake tashi ba. Makaniki ya buɗe shi ya ce cikinsa ya narke ya haɗe. Yanzu da filafili mijin yake haye kogin, yarinyar tana zaune a gaba.

Ke da kike karanta wannan, in tsohon inji ne ke ɗaukar 'ya'yanki, kada ki rage masa mai don kin tsani hayaƙinsa. Cika gwangwanin. Ɗauke yaron daga baya ki mai da shi gaban jirgi, ki matsa a kai injin gyara, kuma kada jirgi ya bar gaɓa babu filafili biyu a ciki.