Na'urar Ba Ta Gane Ta Ba

A kamfanin ɗinkin kayan 'yan makaranta, Shiru-shiru suke ce mata, ko a gaban idonta. Ita ce mai yanka. Teburinta na can ƙurya, kuma kullum da auduga a kunnenta saboda ƙarar kekunan ɗinki. Ta haura arba'in da biyar ba ta iya kallon mutum cikin ido ba. In aka yi raha, sai an gama dariya take gane inda aka dosa. Mijinta ya daɗe da yanke hukunci cewa girman kai ne. 'Yarta kuwa cewa take, "Mama ba ta son mutane."

Ƙanwarta, wadda ke aikin jinya, ita ta zo da maganar.

"Yaya, akwai binciken da ake yi a asibitinmu. Ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar manya a ba kwamfuta. An koya mata da hotunan mutane masu yawa, har takan gane masu otizim, lalurar nan da ke sa cuɗanya da mutane da jure hayaniya su yi wa mutum wuya."

"Ba na yara ba ne?"

"To, yaran ai girma suke yi."

Ta yi kwanaki tana karanta alamomin a waya lokacin hutun cin abinci. Ji ta yi kamar wani ya leƙa cikinta ya rubuta. Har ta fara shirya yadda za ta gaya wa mutanen gidan, tana maimaita maganar a ranta almakashi na tafiya: ba raini ba ne, abin yana da suna.

Ɗakin hoton sanyi ƙalau. Aka sa ta cire 'yan kunne da tabarau, ta kwanta, gadon ya ja ta cikin wani farin bututu. Sai ƙara ta tashi kamar ana dukan ganga da guduma daidai kanta.

"Kada ki motsa, Malama," in ji mai ɗaukar hoton ta lasifika.

Ba ta motsa ba. Hawaye ya gangara cikin kunnenta, farcenta ya nutse a tafin hannu. Da aka fito da ita ba ta iya magana ba sai da suka kai bakin titi ita da ƙanwarta, wadda ta rako ta.

Ranar sakamako, likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Ga ƙwaƙwalwar nan, da ɗigon ja da shuɗi.

"Kwamfutar ba ta sa ki cikin masu otizim ba," in ji likitar.

"Ke nan ba ni da shi."

"Ban ce haka ba. Yawancin hotunan da ta koya da su na samari ne. Mace mai shekarunki, wadda ta saba danne abinta, ba ta san irinki sosai ba. Wannan bincike ne, bai isa hukunci ba. Sai kin zauna da ƙwararre, kuma zai so jin wanda ya san ƙuruciyarki. Akwai?"

Shiru-shiru ta dubi ƙafar tebur. Ƙanwar ce ta amsa, "Iyayenmu sun rasu. Ni kuma na taso na same ta budurwa."

Likitar ta ce duk da haka a gwada, sai dai layin ganin ƙwararren ya kai baɗi.

Da ta koma gida, maigidan na falo yana kallon ƙwallo. Ya rage muryar talabijin.

"Yaya aka yi?"

"Na'urar ba ta gani ba."

"Alhamdu lillahi! Ai na faɗa. Lafiyarki ƙalau, hali ne kawai. Hali kuwa zanen dutse." Ya yi dariya, ba da mugunta ba, har da sauke ajiyar zuciya. Ta buɗe baki za ta faɗi zancen samarin da layin, maganar ta tarwatse mata. Ya ƙara muryar talabijin.

Da yamma 'yarta ta kira daga gidan mijinta.

"Baba ya gaya mini. Na ji daɗi wallahi. To yanzu ba sauran uzuri, Mama. Ranar Asabar surukaina na da taro, ki zo ki zauna cikin mutane kamar kowa."

Ta je. Ta gaisa da duk wanda aka nuna mata, ta yi murmushi inda ta ga ana yi. Falon ya cika da turare da kukan jarirai, waya na kiɗa, cokula na bugun faranti. Surukar 'yarta ta dafa kafaɗarta tana cewa, "Yau an ga wata!" Aka kwashe da dariya.

Can ta tambayi banɗaki. Ta sa sakata, ta buɗe famfo, ta tsaya ta jingina goshi da bango mai sanyi. Ba ta daɗe ba aka ƙwanƙwasa.

"Mama, fito mana, ana ɗaukar hoto."

"Ina zuwa," ta ce.