Miyar Gidan Bala

A unguwarsu Bara'atu a Haɗeja, maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an idar da Magariba sai kowane gida ya fito da kwanonsa zuwa dakalin ƙofar gidan Bala, a yi ciyayya. Kwanon Bara'atu kuwa shi ake fara buɗewa. Mijinta Mala dillalin bandar kifi ne, yakan kawo mata tarwaɗar Kirikasamma mai kitse, ita kuma ta kirɓa attaruhu ta malala man gyaɗa, har mai ci ya riƙa sharce gumi yana sa albarka. Ba ta da wani abin taƙama da ya wuce wannan, kuma ba ta ɓoyewa.

A gidan suna ta ji maganar. Wata mai dogon baki ce ta ce, cikin dariya, ai yanzu Mala ba ya sa hannu a kwanon gidansa, na Talatu matar Bala yake jawowa gabansa.

Talatu! Matar da miyarta kamar an wanke tukunya an zuba? Bara'atu ta yi dariya tare da mata, amma kishi ya tokare ta har ta kasa taɓa wainar da aka ajiye mata. Shekara da shekaru tana ciyar da mutumin nan, yau kuma a ce miyar kuka salam ta wata ce ta ɗauke masa hankali.

Ba ta tambaye shi ba. Sai ta ce a ranta hannunta ne ya yi sanyi, ta ƙara wuta. Ta ninka attaruhu, ta soya albasa har ta yi ja, ta ƙara mai. Don kada ya zille, ta fara ɗibar masa nasa daban, ta tsare shi da shi bayan Isha. Bawan Allah ya ci don kunya, ya miƙe a gado nan take. Da safe sai ya tashi murya a dishe, yana dafe ƙirji yana gyatsa. Ita kuwa ta ɗauka duk salon gudun girkinta ne.

Ranar da ya ture kwanon da rana tsaka, ta fashe.

"Baban Mansura, in na gidan Bala ya fi maka, ka faɗa mini. Na gaji da jin zancena a bakin mata."

Ya ce, "Ƙwannafi ne yake cina, Bara'atu. In na ci yaji da maiƙo sai wuta ta kama mini ƙirji, ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro. Na je asibiti tun kafin azumi. Sun ba ni magani, sun ce in rage yaji da suya, in ci kaɗan da wuri, kada in kwanta sai abinci ya faɗa, in kuma ɗaga kan gado."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Ta ina zan fara? In ce miki girkinki ne ke hana ni barci? Bala na gaya wa, shi ma ciwonsa ke nan. Shi ya sa matarsa take ƙara yawan nasu saboda ni."

Tausayinsa ya kama ta, da kunyar abin da ta yi ta ɗura masa. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne wata mace ta riga ta sanin ciwon mijinta.

Ta gwada miya marar yaji. Hannun da ya saba da barbaɗawa ya ƙi jin magana, kullum sai wani abu ya zarce, Mala ya sake dafe ƙirji. A ƙarshe ta yafa mayafi, ta haɗiye girman kai, ta shiga gidan Talatu.

Talatu ba ta yi mata gori ba, wanda da ta yi ma da ya fi sauƙi. "Ai ba wuya, Yaya. Kada ki soya komai, ki dafa kifin a ruwa. Tumatir ma ki rage, yana tayar masa. Daddawa ce za ta riƙe miki miyar. Ya fi son kuɓewa ɗanya a kan kuka, na lura."

Ta lura! Bara'atu ta zauna tana sauraron maƙwabciya tana karanta mata abin da mijinta yake so, har ta yi godiya.

Da la'asar sakaliya ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, a cikin gida, gabanta. Ya ci a zaune, ya zagaya tsakar gida, ta sa bulo ta ɗaga masa ƙafafun gado ta wajen kai. Washegari ya tashi garau, fuska a sake, rabon da ta ga haka har ta manta.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Wallahi miyar jiya kamar ta gidan Bala."

Yabo ya yi niyya, ta sani. Ta ce amin, ta juya ta shiga madafa don kada ya ga idonta.