Numfashi Goma Kafin Fo

Tun da Malama ta dawo daga kwas ɗin sati biyu da aka tura ta, makarantar koyon jinya ba ta sake zama lafiya ba. Ta dawo da wata 'yar ƙararrawa mai kama da murfin kwano, da sabuwar murya can ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Kafin wata ya ƙare ɗalibai sun raɗa mata Malama Numfashi, har masu shara da shi suke kiranta a bayan ido.

Darasinta uku ne. Juriya, wai ko me kika gani ko kika shaƙa, kada fuskarki ta motsa. Natsuwa, wai ki rufe ido ki ja numfashi goma kafin ki taɓa majinyaci. Tausayi kuwa, baiwar Allah yanka shi ta yi gida bakwai ta jera a takarda, kowane da makinsa. Akwai murmushi, akwai kallon cikin ido, akwai riƙe hannu, har da wata magana da ake haddacewa: "Ina jin abin da kike ji."

A nan Doguwa ta maƙale. 'Yar ajin ƙarshe ce, hannunta kuwa sai wanda ya gani, jijiyar da ta gagari kowa ita ake kira ta nemo. Amma ta faɗi jarrabawar tausayi sau ɗaya, wai murmushinta bai kai kumatu ba. Dokar makaranta kuma, wadda ta faɗi sau biyu sai ta tattara kayanta. Ga uwarta ta gama zagaye maƙwabta tana shelar 'yarta ta kusa zama nas, har farin yadi ta kai wa tela.

Ranar jarrabawa da hantsi aka kwashe su zuwa ɗakin mata, gado na huɗu, wurin wata tsohuwa da ta karye a ƙugu. Kwananta tara a kwance cikinta a ɗaure ba bayan gida, sai da safen nan aka ba ta maganin da zai sake shi. Malama ta tsaya da takarda da ƙararrawa. Gefenta Babbar Sista mai kula da ɗakin, wadda dole sai ta sa hannu kafin maki ya zauna. Sauran ɗalibai suka kewaye gadon kamar masu kallon dambe.

'Yar Gaban Goshi, ɗalibar da Malama ke ji da ita, ita ta fara. Ƙararrawa ta yi ƙil, ta rufe ido ta sandare.

"Sista," in ji tsohuwa, "wannan a tsaye ta cika?"

Aka gama goma. Yarinya ta washe haƙora, ta kamo hannun tsohuwa. "Iya, ina jin abin da kike ji."

"Ashe ke ma kin karye? Sannu." Sai tsohuwa ta rage murya. "'Yar nan, matso, ina so in..."

"Na saurare ki, Iya, ki saki ranki," in ji 'Yar Gaban Goshi, ta wuce gida na shida. Bakwai cif ta ci.

Aka kira Doguwa. Ƙil. Ta rufe ido. Ɗaya. Biyu. A na uku ta saci kallo da ido ɗaya. Tsohuwa ta damƙe zanin gado da hannu biyu, ta cije leɓe, gumi ya tsattsafo mata a goshi, yatsun ƙafarta duk sun nannaɗe. Doguwa ta gane nan take: magani ya fara aiki, kuma wannan matar ta gwammace ta fashe da ta faɗa a gaban mutum goma sha biyar.

Saura numfashi bakwai. Ta tuna uwarta, ta tuna farin yadin da ke wurin tela. Ta ja na huɗu. Tsohuwa ta yi wani ɗan nishi.

"Ku ba mu wuri," in ji Doguwa. Ta fizgi labule ta zuge, sai da ya shafi hancin Malama, ta janyo fo na bayan gida daga ƙarƙashin gado.

"Ke! Saura shida!" Malama ta manta da sabuwar murya, muryarta ta da ta fito. Ta shiga kaɗa ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa.

A ciki babu murmushi, babu kallon ido. Doguwa ta duƙa, ta ce, "Iya, riƙe wuyana. Kar ki motsa ƙafar, ni zan ɗaga ki. Yawwa."

"Allah ya yi miki albarka," tsohuwa ta raɗa mata. "Ce wa waccan kar ta daina kaɗawa, ƙarar na rufa min asiri. Yau dai abin nata ya yi rana."

Da aka gama Doguwa ta wanke ta, ta gyara zani, ta yafa ƙyalle a kan fo, ta buɗe labule. Malama ta tare hanya.

"Sifili! Ba numfashi, ba murmushi, ko hannunta ba ki riƙe ba! Kin ɓata min rai ƙwarai. Amma ku duba ku gani, ɗalibai, yadda mai natsuwa take yi da ɓacin rai."

Ta rufe ido, ta buɗe ƙirji, ta zuƙo numfashi tun daga cibiya, daidai saitin abin da Doguwa ke riƙe da shi. Ajiyar kwana tara fa. Malama kuwa rabonta da ganin fo tun kafin a haifi waɗannan yara. Numfashi na farko ya shiga lafiya. Na biyu bai kai rabi ba ta sulale za ta faɗi.

Doguwa ta danƙa wa 'Yar Gaban Goshi fo, ta tallafe Malama kafin kanta ya bugi ƙarfen gado. Ta zaunar da ita, ta sunkuyar mata da kai, ta sassauta ɗankwali, ta sa aka kawo ruwa. 'Yar Gaban Goshi na tsaye da kaya a hannu, hawaye na zuba, haƙora a waje, don ba a ce a daina murmushi ba.

"Malama," tsohuwa ta kira daga kan gado, cikin murya mai laushi, "ina jin abin da kike ji."

Babbar Sista ta tsinci takardar a ƙasa. Ta soke sifilin, ta rubuta "ta ci", ta sa hannu, ta cusa wa Malama biro.

"Ai ba ta bi ƙa'ida ba," in ji Malama da ƙyar.

"Sa hannu, 'yar'uwa. Ko kuwa in rubuta a rahoton yau cewa malamar juriya a numfashi na biyu ta faɗi?"

Malama ta sa hannu.

Tela ya ɗinka farin yadi, Doguwa ta sa abinta. Malama kuma har yanzu tana yawon taro da ƙararrawarta, tana ba da labarin wata ɗaliba da ta horar da ita da hannunta. Takardar ma ta yi mata gyara, yanzu gida takwas ne: "A tambayi majinyaci ko yana bukatar fo." Can ƙasa ta sa shi, bayan numfashi goma.