Inda Aka Ɗauki Douwe Mai Fito

"Jelle, ka ajiye hular nan ko ka sa ta. Sai murɗe ta kake kamar wuyan kaza," in ji Douwe daga kan gado.

Ina tsaye da butar kofi a hannu. Tun da jikin maƙwabcina Douwe ya yi tsanani, matarsa Hiske ta sa aka sauko da gadonsa falo, jikin taga, don ya riƙa hangen kogi, ni kuwa na mai da gidansu nawa. Jelle shi ne shugaban leburorin ƙaramar hukumarmu ta gabashin kogi, ƙato ne mai cika ƙofa, amma ran nan ya kasa ɗaga ido.

"Kawu Douwe, lauyanmu ya hana," ya ce. "Ko fure kada mu kawo da sunan hukuma, balle mu ɗauke ka da rigunan aiki. Wai in mun yi, mun amsa kai namu ne ke nan."

"Na hukumar yamma fa?" in ji Douwe.

"Shugabansu Siebren ya kira ni jiya. Su ma haka aka gaya musu."

A nan garin, in ma'aikacin hukuma ya rasu, abokan aikinsa ke ɗaukar akwatin gawarsa a kafaɗa, sanye da rigunansu ruwan lemo masu tambarin hukuma. Douwe ya ɗauki mutane da yawa, na gabas da na yamma, don jirgin fiton da ya tuƙa tun yana saurayi na hukumomin biyu ne. Riguna biyu gare shi, rataye a ƙusa ɗaya.

Ranar da igiyar ƙarfen jirgin ta tsinke a tsakiyar kogi ta karya masa baya, kowa ya yarda sai an biya diyya, rigimar ita ce kason kowace hukuma. Kotu ta ce wannan maganar hukuma da hukuma ce, a je kwamitin sasanci. Kwamiti ya ce ba huruminsa ba ne, a koma kotu. Shekaru aka yi ba a ko fara sauraron maganar ba, ana neman mai ikon sauraronta. Magani dai bai yanke masa ba, wannan na shaida. Abin da ke cin sa daban ne.

"Ni na riƙe kan akwatin babanka, Jelle," ya ce a hankali. "Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yanzu ni sai 'yan haya masu baƙar kwat, waɗanda ba su san sunana ba?"

Na juya wajen Jelle. Ni ce na kasa haƙuri.

"Kai dai ka ji kunya! Duk girman nan naka, takarda ce ta ɗaure ka?"

"Aukje, bar yaro," in ji Douwe. "Ke da bakinki ya fi kofinki zafi. Yana da 'ya'ya, kada a kore shi saboda gawa."

Ya juya fuska wajen taga. Ban taɓa ganin Douwe ya bar kek ɗin tuffa na Hiske a faranti ba sai ran nan, kuma ya ba ni tausayi har na koma kicin na yi kukana.

Da maraicen Laraba Jelle ya dawo, shi da Siebren, shugaban leburorin yamma, suka jingine kekunansu a shingena ba izini. Suka durƙusa bakin gado suna raɗa. Can sai na ji Douwe ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Me suka ce?" na tambaya.

"Kada a gaya wa Aukje," ya ce yana haki. "Kafin gari ya waye lauyoyi sun ji."

Ya cinye kek ɗinsa tas. Ranar Asabar da hantsi ya cika, hannunsa cikin na Hiske.

Maƙabartar iyayensa tana tsallaken yamma, don haka sai da jirgi. Motar gawa ta hau, muka bi ta. Leburorin duk sun zo, amma cikin kayan coci, kowa da jakar leda a hammata. Na harari Jelle, ya kau da kai.

Muna kaiwa tsakiyar kogi sai injin ya yi shiru. Jelle ya cire hula ya fuskanci Hiske.

"Inna Hiske, lauyanmu ya tsaya gaban alƙali ya ce nan wurin ba yankin gabas ba ne. Na su Siebren ya ce ba na yamma ba ne. To, mu ma ba mu san mai ikon hana mu a nan ba."

Ledoji suka yi ta ƙara. Kafin in share ido jirgin ya cika da riguna ruwan lemo. Suka zaro akwatin daga mota suka saɓa a kafaɗa, na gabas a dama, na yamma a hagu, Jelle a wajen kai. Ba inda za su je da shi, jirgin bai fi tsakar gida ba. Suka zaga da shi daga wannan baki zuwa wancan, sannan suka tsaya cik.

Hiske ta buɗe tata jakar, ta fito da rigunansa biyu. Ba ta da tsawo, sai da Siebren ya ɗan rusuna kafin ta iya shimfiɗa su a kan akwatin. Ruwa na ta bugun gefen jirgin, iska na ɗaga hannun riga ɗaya tana sauke shi a kan ɗayar.