Amshi Babu Mai Bayarwa

Duk garin an ji sabon faifan Junie Sizemore, ban da ubanta. A shagon abincin dabbobi shi ake sawa, a gidan mai shi ake sawa, hatta matar da ke raba wasiƙu takan sauke gilashin motarta muryar yarinyar na bin ta daga wannan kwari zuwa wancan. Shi kuwa uban, Ɗan'uwa Hoyt, da ya shiga wuri ya ji an taɓa jita sai ya tuna ya bar wani abu a mota.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cocinsu ba a kiɗa, ko kaɗan. Mutum ɗaya ke miƙewa ya ba da baiti da sauri, jama'a su amsa shi a hankali, suna jan kowace kalma har sai numfashi ya ƙare. Tun Hoyt yana saurayi shi ke bayarwa. To ranar jana'izar matarsa Opal, sai ga Junie ta taso daga Nashville riƙe da jita, wai za ta yi wa uwarta waƙar ban kwana. Ya tare ta a bakin ƙofa, a gaban mutane, ya ce, "Ba a cikin ɗakin nan ba." Yarinyar ta tsaya a waje har aka gama, aka binne, ta shiga mota tun kafin a buɗe kwanukan abinci. Tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ta bakin yayarsa Verna.

Ranar Asabar da safe Verna ta iso da tukunyar wake da burodin masara, da fartanya biyu a hannu. Washegari ce Lahadin gyaran kaburbura, ranar da dangi ke dawowa daga ko'ina su sa furanni, a yi waƙa, a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa.

"Junie ta kira ni," in ji ta, tana ajiye tukunyar. "Yau da yamma tana da wasa a Lexington. Ta ce in ka ce ta zo, gobe za ta zo. In ba ka ce ba, za ta wuce Ohio abinta."

"Ita ba ta san hanyar gida ba ne?"

"Ta san hanya. Ƙofar ce ba ta tabbatar ba."

Hoyt ya ɗaga murfin tukunyar yana leƙe, kamar waken ne zai ba da amsa.

"Kai dai akwai taurin kai, tun kana cikin zanin goyo," in ji Verna. "Tashi ka kai ni maƙabarta, ciyawa ta cinye kabarin Opal."

Ba su yi nisa a tsohuwar a-kori-kurarsa ba Verna ta zaro faifan daga jaka ta zura shi a rediyo. Ya miƙa hannu zai kashe, ta make shi.

"Riƙe sitiyarinka da hannu biyu, kada ka zubar da ni a rafi. Ni zan ji, kai ka toshe kunnenka."

Hanyar kuwa kwana ce bayan kwana, hagu dutse, dama rami. Dole ya haƙura.

Abin da ya fara ba shi haushi shi ne waƙar ta yi daɗi. Ya zaci zai ji hayaniya irin ta rediyo, sai ya ji jita ɗaya tana tafe a hankali, da muryar Junie, ba ado, ba ƙaƙale, har ana jin inda take jan numfashi. Tana rera yadda uwarta ke zura ɗanyen wake a zare ta rataye a baranda ya bushe, da yadda takan ciji zaren da haƙori ko da almakashi na kan cinyarta. Kai! Shi kansa ya manta da wannan. Yanzu ga Opal nan zaune a gabansa, kanta a karkace, tana cizon zare.

Waƙa ta biyu a kan ambaliyar bara waccan ce. Ba ta yi kuka a ciki ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dai bi gidajen bakin rafi ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da aka tsinta a kan bishiyoyi da ruwa ya janye: kujerar lilo, takalmin makaranta, ƙofar firji. Goge na binta a baya a hankali, ba ya shiga gabanta.

"Ka ji ko?" in ji Verna. "Mutanen birni ma kuka suke yi, alhali ko kwarin nan ba su taɓa gani ba."

"Ni hanya nake kallo."

"Ai na gani. Shi ya sa ka wuce kwanar maƙabarta."

Ya yi tsaki, ya yi baya.

Suna hawa tudun aka shiga wata waƙar mai kiɗan banjo, molon Turawa, mai sa ƙafa motsi, a kan wani mutum da ke dawowa daga ramin kwal baƙi ƙirin sai haƙora, ya ɗora 'yarsa a wuya tun bai yi wanka ba, uwar na biye da su tana faɗa saboda farar riga. Ba a ambaci suna ba. Hoyt ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya tsammaci in ta saka shi a waƙa to a bakin ƙofar coci za ta saka shi, yana tare hanya, kuma da ta yi haka ba ta yi ƙarya ba. Amma yarinyar nan ta tsallake wannan ranar, ta je can baya ta ɗauko shi yana dariya. Wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

Ya tsayar da motar a gindin itacen al'ul. Verna ta ɗauki fartanyarta ta buɗe ƙofa.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Ta ƙarshen ba tawa ba ce." Ta sauka ta bar shi da rediyo a kunne.

Da farko shiru. Ya ɗauka faifan ya ƙare. Sai ga muryar Junie, ba jita, ba goge, ita kaɗai, tana jan kalmomi a hankali irin na cocinsu: "Na ajiye garmata a bakin gona." Ta ja shi har ƙarshe, ta yi shiru. Shirun ya ɗan jima. Ta sake ɗauka: "Rana ta yi ƙasa, Ubangiji, kira ni gida." Ta sake yin shiru.

Waƙar da Opal ta fi so ce, wadda ya ba da baitinta ranar jana'iza Junie na tsaye a waje. Kuma amshi kawai take yi. Ba ta ba wa kanta baiti ba, ba ta ɗauko wani ya ba ta ba. Duk inda mai bayarwa zai shiga ta bar shi fayau, ta saki faifan haka a duniya, kowa ya ji.

Bai san lokacin da ya mayar da waƙar farko ba. Shirun ya zo, ya buɗe baki ya ba da baiti. Bai kai rabi ba numfashi ya tsaya masa a ƙirji, muryar Junie ta shigo ta bi ta kansa. Ya sake mayarwa. Wannan karon tari ne ya sarƙe shi. Ƙurar ramin kwal ta daɗe tana cin huhunsa, a coci jama'a sun saba, sukan jira shi ba tare da kowa ya nuna ba. Junie kuwa ta auna gurbin ne da uban da ta sani, wanda ke ba da baiti a numfashi ɗaya a ji shi har bakin titi. Ba ta san wannan ba. Yaushe rabon da ta ji shi?

Ya zauna riƙe da sitiyari, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Can tsakanin kaburbura Verna ta duƙufa tana sarar ciyawar da ta riga ta sare.

Ya sauko ya je ya tsaya a kanta. "Yaya, ara mini wayarki."

"Sai ka hau wajen kabarin Kaka, can ne take kamawa." Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya hau a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ƙara biyu aka ɗauka.

"Gwaggo?"

"Ni ne."

Yana jin hayaniyar mutane a bayan Junie, wani na gwada ganga.

"Baba? Lafiya?"

"Na ji abin naki." Ya gyara murya. "Ta waken nan, haka uwarki take yi, da haƙori. Kin faɗa daidai." Ya ja numfashi. "Amma ta ƙarshen kin yi kuskure. Kin matse wurin. Na gwada sau biyu, ban shiga ba, kina shigowa kafin in gama."

Ya ji ta saki wani sauti, tsakanin dariya da kuka.

"Ka gwada?"

"Na tsufa, Junie. Ƙirjin ba kamar da ba."

"Faifai ba ya jira, Baba," in ji ta. "Ni zan jira ka."

Ya dubi gangaren, ya dubi kabarin Opal da Verna ta share tas, ya dubi dogayen teburan katako da za a cika da soyayyen kaza gobe.

"To ki taso da wuri," ya ce. "Ki zo da jitar taki ma. Nan waje ne, babu ƙofa."